Jan Layin Da Aka Kashe

Tun da ka ce jan layin nan na kwamfuta ya ishe ka, ɗan'uwa, saurari misalin wani saurayi mai rubuta manhaja. Wani ƙaramin asibiti ya ba shi aikin haɗa wadda za ta riƙa tura wa marasa lafiya saƙon waya idan sakamakon gwajinsu ya fito. A shafin da yake rubutu yana da mataimaka biyu. Ɗaya mai ƙarasawa ne: kafin ya kai rabin layi ya cike masa sauran, shi dai ya danna ya wuce, kamar mai keke a gangare. Ɗayan ba ya rubuta komai, dubawa ce tasa, ya ja jan layi ƙarƙashin inda yake shakka. Ran nan mai ƙarasawa ya shimfiɗa masa layuka sumul, masu jera mutane bisa ranar haihuwarsu. Mai dubawa ya ja layinsa: wanda ba shi da ranar haihuwa fa? Saurayi ya yi tsaki. Wa ya faɗo daga sama? Ya kashe mai dubawa, shafi ya yi fes, ya miƙa aiki aka yi ta sa albarka.

Mahaifinsa kuwa manomi ne, in an tambaye shi yaushe aka haife shi, sai ya ce shekarar da fara ta cinye gero. Da tari ya matsa masa ya je asibitin nan, ma'aikaciya ta bar gurbin ranar haihuwa ba komai, aka yi gwaji, aka ce ya jira saƙo. Manhaja ta zo kansa ta tsallake, shiru. Tsoho ya sa wayar a aljihun gaba, kusa da ƙirjin da ke ciwo, yana kai ta caji duk ranar kasuwa. In an ce ya koma ya bincika, sai ya ce, "Aikin ɗana ne, ba ya mantuwa." Damina ta wuce, aka yi girbi ba da shi ba. Sakamakon yana can kwance tun tuni, ciwo ne mai magani. Ana zaman makoki saurayin ya shige ɗaki, ya buɗe aikin, ya kunna mai dubawa. Jan layin ya dawo daidai inda yake, da tambayarsa, bai ƙara ko kalma ba. Daga zaure ana ta kiransa ya fito ya karɓi gaisuwa.

Da gaskiyar Hausawa: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.