Rakiyar Malam Jumare

Jar kaba ƙulli ɗaya, koriya ƙulli biyu, baƙa ba ƙulli. Haka Malam Datti ya sa mai rini ya riƙa ɗaure masa kayan aiki, don ɗalibansa su gane launi da yatsa. Makafi takwas ne, maza da mata, yake koya wa saƙar faifai da tabarma a wani tsohon gida a Makarfi, shekara biyu bayan samun 'yancin kai.

Kafin a buɗe ajin duk bara suke yi. Yanzu faifansu har kasuwar Ikara ake kaiwa, kuma masu saye sun daina cewa "Allah sarki" kafin su taya.

Sai dai ajin yana da sharaɗi guda: dole a sami malami mai ido a kansa. Wani aji irinsa da aka buɗe a Gazara, da malaminsu ya tafi aka rasa madadi, sai aka sa wa ƙofa kwaɗo, kowa ya koma bakin kasuwa.

Malam Datti dai ya zama kamar an kafe shi a gidan. Wata biyar bai je Zariya ganin 'yan'uwa ba, bai zauna majalisa ba, kekensa har ya yi tsatsa a zaure. Takarda in ta zo daga ofis, sai ya aika wa malamin firamare ya karanto, wai rubutun keken bugawa yana sa masa ciwon kai. Gidan ya ishe shi, wani lokaci ji yake kamar bangon yana matsowa. Amma in ya fita ina za shi, kuma ya bar su wa wa?

Abokin fitarsa ɗaya ne cikin makafin, Maiwada, tsohon da ya shekara arba'in yana bin lungunan garin da sanda, wanda kuma har yau bai iya fara gindin faifai ba. Kullum da la'asar sai su yi ta zagaya tsakar gida, Malam a gaba riƙe da kan sanda, tsohon a baya riƙe da gindinta. Ko masallacin Juma'a haka suke zuwa.

Ranar Laraba mai duba aji ya iso daga lardi, Malam Jumare, da motarsa. Bayan an gaisa an tambayi iyali, ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yana juyawa. Malam Datti na tsaye jikin ginshiƙi, farin gilashi a fuska.

"Wannan wa ya saƙa, mai tauraro?"

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji wata ɗaliba, Azumi, tun kafin Malam Datti ya buɗe baki.

Baƙon ya yaba, ya ce ajin zai ci gaba, tunda ga malami tsaye a kansa. Ya tattara takardunsa. "To, Malam, taka min zuwa mota. Na bar ta can bayan rumfar mahauta, hanyarku duk rami."

Ba a ƙin raka baƙo, balle wanda ajin ke hannunsa. Malam Datti ya tsaya yana gyara gilashinsa.

Maiwada ya yi gyaran murya. "Malam, don Allah kai ni in shafa motar nan. Na tsufa ban taɓa sa hannu a jikin mota ba."

Baƙon ya yi dariya. Tsohon ya miƙo sanda, Malam ya kama kanta, suka fita. Suka kauce wa kwata, suka zagaye turken jaki, suka bi ta gefen rumfar mahauta, sannu a hankali, har tsohon ya ɗora tafinsa a kan ƙarfe mai zafi ya ce, "Ashe haka take."

Malam Jumare ya tayar da mota yana jinjina haƙurin malamin da ke jan makaho har bakin hanya. Bai lura da yadda hannun Maiwada ke karkata sandar dama da hagu ba. Daga baya ake tuƙa ta, don wata biyar ke nan rabon Malam Datti da ganin ko tafin hannunsa.