Saɓo Aka Ce, Alhali Sabo Ne

Mai ɗinki tana tsakiyar haɗa wa autanta rigar makaranta zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin mako ya zagayo, yaro ya koma ga Mahaliccinsa. Rigar na nan ƙarƙashin allurar keke, an ɗinka hannu ɗaya, ɗayan ko taɓa shi ba a yi ba.

Da aka fita da gawar, ta zube a bakin ƙofa tana ihu: "Wayyo Allah, me ya sa shi? Me ya sa ba ni ba?"

Gwaggon mijinta na kusa. Ita kuwa ba a taro sai ta yi wa'azi, ko ba a tambaye ta ba, alhali karatun nata duk na "na ji an ce" ne. Ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Kin yi saɓo, 'yar nan! Allah kike tuhuma? Bakin da ya yi saɓo, ko addu'a ya yi wa mamaci nauyi yake ƙara masa. In kina son ɗanki, ki ja bakinki ki yi shiru. Hawayen nan ma ki share."

Mai ɗinki ba ta san ainihin ma'anar saɓo ba. Ta dai san kalma ce da in an faɗe ta mutane ke ja da baya. Nan take ta haɗiye kukanta.

Abin tausayi, tun daga ranar ba ta sake ambaton auta a addu'a ba. Ta ɗaga hannu, sunansa ya zo har leɓenta, sai ta tuna maganar Gwaggo, ta mayar da sunan ciki, don kada ta cutar da ɗanta. Masu ta'aziyya har yabonta suke, wai ba su taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Ita kuwa abin na ta cin ta a ciki. Abinci ya gagare ta, kai kullum kamar zai tsage.

Maigidanta, makaniki ne, ya matsa mata da tambaya har ta gaya masa. Ransa ya ɓaci, amma ya ce ai maganar manya ce, bari sai ya samu sarari ya tambayi liman. Yau aiki, gobe aiki, har watanni suka shuɗe.

Wata safiya aka same ta a faɗe kusa da keken, baki ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, da wuya magana ta dawo.

A ranar makaniki ya samu sararin. Liman ya saurare shi, ya girgiza kai.

"Saɓo daga saɓawa ya fito," in ji shi. "Kamar a ce mutum ya saɓa alkawari: ya san abin da ke kansa, ya take shi da gangan. Uwar da hankalinta ya gushe don zafin rashi, istigfari ya ishe ta. Wa ya ce addu'arta na cutar da ɗanta? Ba ku ji an ce sabo ake yi wa kuka ba? Na matarka sabo ne da ɗanta, ba saɓo ba."

Makaniki ya koma asibiti, ya durƙusa a gefen gadon, ya gaya mata duka. "Ki yi masa addu'a, uwar auta. Ki kira sunansa, babu komai."

Ta buɗe baki. Leɓen ya yi rawa, harshe ya ƙi tashi. Ta sake gwadawa. Sai hawayen da aka hana ta ya gangaro har cikin kunnenta, sunan kuwa bai fito ba.

Jama'a, saɓo kalma ce mai nauyi. Kada ka jefi kowa da ita in ba ka san ma'anarta ba, kuma in an jefi naka da ita, ka nemi masani yau, kada ka bari sai gobe.