Harafin da Allo Ya Ɓoye

Thirumalai ya zare biro, ya murɗa ɗan zanen neman albarka a saman farar takarda, kamar yadda ya saba yi a farkon duk abin da zai rubuta, sannan ya fara rubuta wa Poongodi wasiƙar kora.

Kwana uku ke nan, tun da aka koma sabon rumbun bayanai, manhajar da muka haɗa wa masu kai magunguna gida-gida a birnin Chennai na Indiya take ƙin gane lambobin unguwanni. A allo lamba na fitowa tsaf, amma manhajar ta kafe cewa ba ta san ta ba. Allurar masu ciwon suga na jibge a sito, waya kuwa ba ta huta ba.

Shi ya gina ginshiƙin manhajar shekara tara da suka wuce, kuma ba ya barin kowa ya manta. Poongodi wata biyar kacal ta yi a ofishin, ita ce ta ƙarshe da ta taɓa sashen adireshi. A wajensa shari'a ta ƙare. Ni dai na tsani yadda yake jin daɗin irin wannan rana.

Ya tara mu gaban babban allo, wasiƙar na hannunsa, kofinsa na hucewa a gefe.

"Yallaɓai, bari in kunna yanayin bincike mu gani," in ji Poongodi.

"Wannan wasan 'yan koyo ne. Ke, kwashe tarkacenki, kin ɓata mana lokaci."

Ba ta tashi ba. Ta danna.

A yanayin yau da kullum, manhaja kwalliya take yi wa rubutu, harafin da ba ta saba da shi ba sai ta ɓoye shi. A yanayin bincike kuwa komai tsirara yake fitowa. Lambobin suka jero, kowace da wani baƙon abu manne a gabanta.

"Tsohon rumbun haɗiye shi yake yi, sabon ne ya ƙi," ta ce.

"To uban wa ya cusa shi?" Thirumalai ya daka tsawa. "Ko waye, yau zai bar ginin nan. Ƙara girmansa."

Ta ƙara. Harafin ya cika allo, idanunmu suka gangara kan wasiƙar da ke hannunsa, inda wannan murɗaɗɗen zanen, iri ɗaya sak da na allo, yake zaune a sama, tawadarsa ko bushewa ba ta yi ba.