Inda Waƙar Dashe Take Ɗingishi

Tunda ka ce duk abin da ka tarar a karkace a wurin aikin nan da aka ba ka sai ka miƙe shi, tsaya in ba ka wani misali kafin ka soma.

A ƙasar Koriya an yi wata budurwa mai tsara kiɗa. Tun tana ƙarama aka sa ta makarantar kiɗan Turawa, irin wanda ake rubutawa a takarda, a tara masu goge arba'in da masu sarewa da masu ƙaho, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da ɗan tsinke yana ba su lokaci. Ta ƙware ƙwarai. In tsirkiya ɗaya ta saki cikin arba'in ɗin nan, sai ta nuna maka mai ita. Da ta gama karatu aka ba ta babban aikinta na farko, wato ta tsara kiɗan da za a buɗe sabon zauren birninsu da shi. Ta ƙudura a ranta waƙar ƙasarsu za ta ɗauko ta ɗora a kan wannan kiɗan. Ta ji labarin wani ƙauye a gindin duwatsu inda tsofaffin mata huɗu kaɗai suka rage da suka san waƙar dashen shinkafa, domin yanzu inji ke dashe, shi kuwa inji ba ruwansa da waƙa. Ta je ta zauna gaban babbarsu, tsohuwa ta rera, ita kuma tana rubutawa. Waƙar ta ratsa ta. Sai dai a kowane baiti akwai inda muryar takan karkace ta yi rawa, sannan ta tsaya cik na ɗan lokacin da bai dace da lissafin kiɗa ba, kamar mai ɗingishi. Budurwar ta ce a ranta tsufa ne da ƙarancin numfashi. Ta koma birni ta miƙe karkacewar, ta toshe giɓin, ta yi wata uku tana ƙawata abin. Sannan ta ɗauko shi a na'ura ta kawo wa tsohuwar, tana murna.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a kan gwiwa. Ta ce, "Da daɗi, 'yar nan. Waƙar wane gari ce?"

Saura wata biyu a buɗe zauren, an riga an raba wa makaɗa takardu, ga shi mai waƙa ba ta gane waƙarta ba. Budurwar tana iya komawa a haka, ba wanda zai sani a birni. Amma ta san in matan nan huɗu suka rasu, abin da ta rubuta shi mutane za su ɗauka asalin waƙar, ita kuma ta zama wadda ta binne ta da hannunta. Ta tambayi tsohuwar me ta ɓata. Tsohuwa ta ce ita ba ta iya bayani ba, amma akwai wata 'yar fadama a bayan gari da inji ba ya iya shiga, gobe za su dasa ta.

Washegari ta tuɓe takalmi ta shiga laka har ƙwauri, ta jeru da tsofaffin, damin irin shinkafa a hannun hagu. Suka ɗauki waƙa. Da ta sunkuya za ta soka iri, cikinta ya matse, muryarta ta karkace ta yi rawa daidai inda ta tsohuwar take yi. Da aka gama layi za a ja da baya, laka ta riƙe mata ƙafa, sai da ta tsaya ta fizge ta. Duk matan sun yi shiru a wurin, ba a ci gaba da waƙa ba sai da ta ƙarshensu ta ciro ƙafarta. Ashe giɓin da ta toshe, nan ne waƙar take jiran wadda aka bari a baya.

Ta koma birni da ciwon baya, ta karɓe takardun ta sake rubutu. Ta sa aka kawo mai gangar ƙasarsu, wadda ta yi kama da kalangu, da mai wani molonsu na tsirkiya goma sha biyu da ake kwantarwa a cinya. Mai riƙe da tsinke ya ce ta faɗa masa tsawon shirun nan don ya ƙirga. Ta ce ba a ƙirga shi, ya sauke hannu kawai ya jira ganga. Ransa bai so ba, masu goge ma sun yi gunaguni, har biyu daga cikinsu suka ce a nemi wasu. Ba ta janye ba.

Ranar buɗe zaure aka zaunar da tsofaffin nan a layin gaba, a takure cikin kayan fita. Goge arba'in suka ɗauki waƙar, suka karkace inda take karkacewa, sannan suka yi tsit. Kafin mai ganga ya sauke hannu, sai aka ji muryoyi huɗu masu rawa sun karɓi amshi daga cikin 'yan kallo. Ba wanda ya ce su yi, kuma ba wanda ya hana su.

To kai ma, abin da ka tarar a karkace, fara tambayar abin da ya karkatar da shi. Masu iya magana sun ce, ruwa ba ya tsami banza.