Maganin da Likita Ya Zaɓa

Warin ƙafar Tamba ya fara korar masu dubiya, sannan ya kori 'yan'uwa, ɗaki ya rage daga ƙudaje sai matarsa Sadatu. Ƙayar kifin ƙurungu ce ta soke shi a dunduniya ranar da ya shiga gulbi da homa a bayan Argungu. Kwana goma ƙafa ta zama gora, mugunya koriya shar tana ratso tsumma.

Ƙanensa Hodi ya dawo daga kasuwa da kafso ja-da-rawaya ƙunshe a takarda, irin wanda masunta ke fasawa su barbaɗa a gyambo su haɗiye saura. Sadatu ta kaɓe hannunsa, ta bi ƙwayoyin da diddige tana murjewa.

"Aradu ƙazantar ga ba ta shiga cikin maigidana! Ka san mi ac ciki?"

"Matar yaya, ai kowa shi ka sha."

"Kowa shi sha. Ban da shi."

Ta ture turmi da rariya gefe, ta sa aka ciccibi Tamba zuwa tasha. Har Birnin Kebbi fasinjoji na toshe hanci da haɓar riga, ita tana raba musu baƙar magana ɗaya bayan ɗaya.

Likita Abdussamadu bai yi gaggawar da ta so ba. Ya wanke gyambon, ya ba da maganin riƙon ƙwarya, ya dangwali mugunyar da auduga ya rufe a kwalba, aka aika Sakkwato, babban birnin jiha a wancan lokacin. Ya ce ƙwayar cuta iri-iri ce, kowace da maganin da ke kashe ta, launin kwanso ba ya faɗa wa kowa komai. Wannan maganar ta ƙarshe kaɗai ce Sadatu ba ta yi musu a kai ba.

Rana ta huɗu takarda ta dawo. Ƙwayar da ke cin Tamba ta raina magunguna uku, don an daɗe ana ba ta su rabi-rabi a bakin gulbi har ta saba. Guda ɗaya ne ke kayar da ita. In bai yi aiki cikin mako ba, wuƙa ce, daga ƙasan gwiwa. Masunci mai ƙafa ɗaya kuwa sai dai ya zauna bakin ruwa ya ga wasu na kamu.

Shekarar tsuke bakin aljihu ce, maganin ya yanke ko'ina. Sadatu ta riƙe wuyan rigar Hodi ta karanta masa sharaɗi: ban da mai tire, ban da mai keke, ban da rumfar kasuwa. Babban kemis mai gilashi. Ya kawo shi a kwalba liƙaƙƙiya, da tambari da rubutun Turawa. Ta juya ta, ta duba liƙin, hankalinta ya kwanta. Da hannunta take ba shi, sau huɗu a yini, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Kwana biyar, kumburi ya kai gwiwa. Majinyatan da ke kusa suka roƙi a matsar da gadajensu.

Likita ya sake duba takardar Sakkwato. Magani daidai, lokaci daidai. Sai ya ɗauki kafso guda ya fasa a kan faranti, ya ɗiga ruwa, abin ya dame ya zama ƙullu. Ya lasa, ya tofar.

"Garin shinkafa ne. Tsinannen da ya haɗa shi har ɓawon maɗaci ya daka a ciki, don wanda ya fasa ya lasa ya ji ɗaci ya ce magani ne."

Ɗakin ya kaure da Allah-ya-isa. Hodi na kuka yana rantsuwar sai ya ƙone kemis ɗin. Aka tura Tamba ɗakin tiyata. Kowa ya juyo yana jiran bakin Sadatu, bakin da bai bar direba ba, bai bar mai shara ba. Ta fita da sassarfa ta durƙusa bakin kwata ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Alhajin da ke kai wa mata buhun kwanson kafso a gida tun farko ya rantse mata da Alƙur'ani cewa kayan ƙetare iyaka suke yi, can nesa, inda ba ta san kowa ba. Su goma sha ɗaya ke masa ɗurin gari cikin kwanson a Argungu, ita kaɗai ke sa maɗaci.