Takalmin da Ya Zauna wa Baba

Takalmi na shida ke nan da matar kantin ta zaro daga kwali, ta durƙusa ta zura wa tsohon a ƙafa. Tun da ciwon suga ya kama shi ƙafar ke kumbura, duk wanda aka sa masa sai ya yatsina fuska. Ɗansa na tsaye yana duban agogo. Bai taɓa shigowa wannan reshen na kamfanin takalmin ba, amma da Baba ya nemi makewayi, shi ya nuna masa ƙofar da ke bayan madubi ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ita kuwa baiwar Allah hannu na aiki, baki na hira. Ta ce shekararta goma sha ɗaya a nan, da aikin take riƙe da yara uku. Yanzu babban ofis ya aiko da takarda, wai reshen ba ya ciniki, ƙarshen wata za a rufe shi. Ta ce mutane kam suna shigowa, a gwada musu har bayan mutum ya ƙage, sai su fita su saya ta waya, tunda a can kamfanin ya fi yin rangwame.

Na bakwai ya zauna daram. Baba ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya dinga sa mata albarka. Ɗan ya leƙa lambar da ke jikin kwalin, ya ce za su yi shawara.

Shawarar ba ta wuce gindin mota ba. Ya ciro waya ya danna odar takalmin, ko neman lambar rangwamen bai yi ba, a kansa take. Kai, son sauƙi bai yi ba! Bai gama murna ba saƙo ya shigo: kayanka na jiran ka a reshe mafi kusa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da ya fito yanzun nan.

Ya so ya bari sai gobe ya aiko direba, Baba ya ce sam, ƙafarsa ba ta san gobe ba. Haka ya bi bayan tsohon sumui-sumui, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Matar ta riga ta ga odar a na'ura. Ko kallon banza ba ta yi masa ba, wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ta ce ta ɗan buɗa na hagun don kada ya matsa wa Baba a idon sawu, sannan ta miƙa ledar da hannu biyu.

Baba ya ce, "To madalla, 'yata, ga ciniki kin yi."

"A'a Baba, wannan na ɓangaren intanet ne. Mu namu durƙuso kawai."

Tsohon ya juya ga ɗansa. "Kai da ka yi boko, wane marar imani ne ya tsara haka?"

Ɗan ya kau da ido. Ya karɓi ledar kansa a sunkuye, yana roƙon Allah kada idonta ya kai ga sunan da ke kan odar, don shi ne sunan da ke ƙasan takardar da aka aiko mata daga babban ofis.