Agogon da Oga Ya Tsayar

Sau uku Oga, shugaban kamfanin rubuta manhaja, ya kalli bidiyon, kowane kallo yana ƙara jin sanyi a ransa. Manhajar kantin magani ce, tana tafiya sumul a simuleta, wato tabilet ɗin ƙarya da ke fitowa a fuskar kwamfuta don gwaji. A taɓa nan, jerin magunguna ya fito; a taɓa can, rasit ya bayyana. A sama agogo na tsaye a ƙarfe goma, batir cike fal. Dokarsa ce wannan: duk mai ɗaukar hoto ko bidiyo sai ya tsayar da agogon, don aiki ya fito tsaf.

Aikin Shiru-shiru ne, sabuwar ma'aikaciyar da ta zo wata huɗu da suka wuce. Oga kuwa ya tsane ta kamar ciwon haƙori. Laifinta ɗaya. Ranar wani taro ya yi kuskure a bayani, ta gyara masa a gaban kowa, har masinja ya yi dariya. Tun ranar ya ƙulla ta a ransa, ya rantse sai ta gane shayi ruwa ne.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Bara ma haka ya yi wa wani ma'aikacinsa, Dogo: ya bari ya gama aiki, ya karɓe, ya laƙa masa satar bayanai, ya kore shi. Har yau babu kamfanin da ya ɗauki Dogo. Teburinsa na lungu kowa ke gudu, sai ita ce ta zaɓe shi da kanta, ranar farko ma ta san yadda ake ɗaga durowar kafin ta buɗu.

Oga ba ya buɗe rubutun manhaja, shi dai a kawo masa bidiyo. Ya karɓi foldar aikin ranar Litinin, ya goge sunanta, ya miƙa mata takardar sallama. Ya so ta yi kuka, ta roƙe shi. Ina! Ta ɗauki jakarta, ta shafa teburin nan, ta ce Allah ya ba da sa'a ranar Laraba, ranar da za a nuna aikin. Wannan ya ƙara ƙona masa rai.

Laraba ta zo. Hajiya mai kantunan magani ta zauna da manajojinta, kwangilar da kamfanin ya dogara da ita shekara guda tana kan tebur. Oga ya kunna bidiyo, aka tafa. Ya bugi ƙirji ya ce shi ya rubuta komai da hannunsa, ko wasali babu wanda ya sa masa.

"Madalla," in ji Hajiya, ta turo masa tabilet na gaske. "Sa mana a nan mu taɓa da hannunmu."

Ya buɗe foldar, kwamfutarsa na haɗe da babban allo. Ya duba sama da ƙasa. Babu manhaja, ko layi ɗaya. Hotuna ne zalla guda sittin da uku, zanen fuskar tabilet, an jera su ɗaya bayan ɗaya suka zama bidiyo. Da ana barin agogo ya yi tafiya, da tun minti na farko tsayuwarsa a bidiyon ta tona asiri; shi da kansa ya hana shi tafiya.

Hajiya ta janye takardar kwangila. Wani manaja ya ce ai bidiyon a hoto na sittin da biyu ya tsaya, a buɗe na ƙarshen.

Oga ya danna. Agogo na ƙarfe goma, batir cike, a tsakiya layi ɗaya: "Yayana Dogo yana gaishe ka."